Wane suna zan sa wa sana'ata? Amsa ga wata mai zayyana a Katsina

Wata matashiya daga cikin birnin Katsina ta aiko mini da tambaya. Ta ce shekara biyu ke nan tana rubuta ayoyi da addu'o'i a kan allo da takarda, tana yi musu zayyana, wasu ta sa su a firam, kuma har yanzu 'yan uwa da ƙawaye ne kawai masu saye. Yanzu tana so ta fito da aikin kasuwa sosai, ta buɗe shafi a Instagram, ta riƙa karɓar oda ta WhatsApp, amma ba ta son ta yi amfani da sunanta na yanka, saboda masu irin sunan sun yi yawa a gari, kuma mahaifinta sananne ne a unguwa, ba ta so kowane baƙo ya bi suna har ƙofar gidansu. Ta kawo sunaye uku da take tunani a kai: Gwanar Zayyana, da 'Yar Gobarau, da wani na Turanci mai ma'anar sarauniyar zane. Ta tambaya wanne ya fi, kuma ko akwai laifi a addini ko a doka idan mutum ya yi sana'a da sunan da ba shi aka raɗa masa ba. A ƙarshen saƙon ta sa hannu da Tasalla, ta ce sunan da kakarta ke kiranta da shi ke nan domin ranar Sallah aka haife ta.

'Yata, na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun kafin ki buga allon shago ko ki ba da a yi miki hatimi, domin yawancin masu zuwa wurina da irin wannan magana sai bayan sun kashe kuɗi suke zuwa. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da zane, ina kuma riƙe da ɗan shagon rubutun alluna da haɗa firam a nan Katsina, kuma abin da na gani a tsawon wannan lokaci shi ne, sunan sana'a tamkar rumbu yake. Duk aikin da kika yi ya yi kyau, duk alkawarin da kika cika a ranar da kika ɗiba, a cikin wannan suna mutane suke zuba shi, ranar da kika canja shi kuwa kin tashi kin bar rumbun da hatsinsa a tsohon gida. Saboda haka abin da ya kamata ki nema shi ne sunan da za ki iya amsawa nan da shekara talatin ba tare da kin ji nauyi ba, sannan ki ɗaure shi da sunanki na gaskiya a takarda.

Bari mu fara da abin da ya fi damunki, wato ko akwai laifi. Babu. Laƙabi tsohon abu ne a wurinmu, kuma ba sai mun je nesa ba. Babban malamin nan na Katsina na ƙarni na 17, wanda a rubuce-rubucen Larabci ake kira Muhammadu Ibn al-Sabbag, mutanen gari da Ɗan Marina suka san shi, har makabartar da ke ɗauke da sunansa Ɗanmarna muke ce mata. Ki lura cewa laƙabin daga sana'ar rini ya fito, bai kuma rage masa daraja ba ko kaɗan. Maginin da ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har yau da Babban Gwani ake ambatonsa. Mawaƙin da duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sunansa Adamu Wayya, kuma mutane da yawa da suka girma suna jin kuntiginsa ba su taɓa sanin haka ba. A cikin sahabbai ma, Abu Huraira da alkunyarsa ya shahara. Abin da aka hana iri biyu ne. Na ɗaya shi ne jifan juna da miyagun laƙubba, kamar yadda ya zo a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Na biyu shi ne mutum ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba, wanda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi magana a kai. Ke ba ɗaya daga cikin biyun kike nufi ba. Amma daga nan za ki gane iyakar da ba za ki ƙetare ba: kada ki ɗauki sunan wani gida ko wata zuri'a ki liƙa wa kanki don ya ja miki kasuwa, kada kuma ki yi amfani da laƙabi don ki karɓi kuɗin mutum ya rasa inda zai same ki.

Kafin in duba sunayenki uku, akwai rarrabewar da nake so ki riƙe, domin rashin yin ta ne ke rikita masu sana'ar hannu. Mai zane yana da suna a wurare uku. Akwai sunan yanka, wanda ke jikin katin NIN da BVN da takardun makaranta, shi kuma ba a taɓa shi. Akwai sunan da ake sa hannu da shi a jikin aiki, wanda ke nuna hannun wane ne ya yi. Akwai kuma sunan shago, wanda ke jikin rasit da allo da asusun banki, wanda wata rana zai iya ɗaukar ma'aikata biyar, ko a gaje shi, ko a sayar. Na biyu da na uku suna iya zama ɗaya, kuma ga mai farawa irinki ya fi kyau su kasance kusa da juna ƙwarai, amma ki sani ba dole ba ne. Wani mai zanen Girka da ya yi zamani a Toledo ta ƙasar Sifen, ya rasu a 1614, duniya ta san shi da El Greco, wato Bagirke, alhali shi a jikin zanensa cikakken sunansa yake rubutawa da haruffan Girkanci. Sunan da kasuwa ke kiransa da shi daban, wanda hannunsa ke sawa daban, kuma ɗaya bai ɓata ɗaya ba.

To, Gwanar Zayyana. Wannan ne zan ce ki ajiye tun yanzu, kuma a kansa zan fi daɗewa. A ƙasar Hausa akwai kalmomin da ba a ɗauka, ba da su ake yi. Gwani a tsangaya matsayi ne da mahaddaci ke kaiwa bayan ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, har malamai sun shaida ƙwarewarsa, kuma ke aikinki a bakin wannan duniyar yake, tunda ayoyi kike rubutawa. Ranar da wani alaramma zai zo ya ba ki aikin allon sauka na ɗalibinsa ya ga kin kira kanki gwana, ko bai ce komai ba ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. Haka nan Sarki da Magaji da Sarauniya. A gari irin Katsina ko Daura, inda Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Aska sarautu ne na gaske da ake naɗawa, kalmar ba ta zama wasa ba tukuna. Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ya buɗe shagonsa ya rubuta Sarkin Zane da jan fenti a saman ƙofa, haruffa manya, aikin kuma ya yi kyau. Ba a yi mako biyu ba wani dattijo mai rawani ya tsaya da kekensa, ya yi sallama, ya gaisa da shi a natse, sannan ya ɗaga kai ya dubi allon ya ce, "Samari, yaushe aka yi naɗin ba mu ji tambari ba?" Bai ƙara kalma ɗaya ba ya hau kekensa. Yaron ya zo wurina da yamma idonsa ya yi ja, washegari da asuba muka shafe allon tare. Yabo idan ya fito daga bakin mutane yana zama laƙabi mai ɗorewa, kamar na maginin Zariya, amma idan mutum ya rubuta wa kansa sai ya zama bashi da kullum ake binsa.

Akwai matsala ta biyu a wannan suna, wadda ta shafi duk sunan da bayanin sana'a ne kawai. Gwanar Zayyana, Mai Zane, Gidan Zane, duk wanda ke wannan aiki yana da haƙƙin ya faɗi haka game da kansa, saboda haka ba za ki iya hana kowa ba. Kalmar zane ma tana da nata tarkon, domin a rubuce ba a bambanta zanen alƙalami da zanen ɗaurawa, kuma na san wadda ta sa Mai Zane a shafinta ta wayi gari ana tambayarta kuɗin turmin atamfa. Zayyana ta fi tsabta a wannan fuska, sai dai ki riƙe ta a matsayin bayani da ke bin suna, ba sunan kansa ba.

'Yar Gobarau ya fi na farko, kuma na fahimci abin da ya ja ki gare shi. Duk Bakatsinen da ya ji Gobarau, tsohuwar hasumiyar nan ta cikin birnin Katsina ce za ta faɗo masa a rai, kuma danganta kai ga gari al'ada ce mai kyau a tsakanin masu sana'a. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, Kwali sunan garinsu ne, kuma bayan ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, haruffa biyu kawai take bugawa a gindin tukunyarta, L da K, masu tara kayan tarihi kuma har yau su suke dubawa. Amma ki lura cewa ita sunanta ne a gaba, garin yana biye. Idan sunan wuri ne kaɗai ya ɗauki nauyin, to kin shiga layi da masu shagon magani da masu gidan burodi da makarantu da duk wanda ya riga ki tunanin Gobarau, kuma suna da yawa. Sannan wuri yana ɗaure mutum. Ni kaina da na fara, sunan ƙofar garin da shagona ke kusa da ita na sa masa, bayan shekara shida mai gidan ya karɓi shagonsa na koma wata unguwa, kuma na fi shekara biyu ina samun labarin mutanen da suka je tsohon wurin da aiki a hannu, ba su gan ni ba, suka ba wani. Ke kuwa mace ce da ba ki san inda aure zai kai ki ba, ko Daura, ko Funtuwa, ko Kano.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke zama babba a intanet. Sunan da ake neman mutum da shi a Instagram haruffan Turanci da lambobi da ɗigo da layin ƙasa kawai yake karɓa, ba ya karɓar alamar da ke gaban 'y, ba ya kuma karɓar ɓ da ɗ da ƙ. Wato 'Yar za ta koma Yar, wanda ba babbar asara ba ce, amma ga wasu kalmomi asarar tana da girma, domin ƙura idan ta rasa lanƙwasarta kura take komawa, baƙi ya koma baki, ɓata ya koma bata. Ba ina cewa mu guji haruffanmu ba ne, a jikin allo da hatimi da rasit ki rubuta Hausa daidai yadda take. Amma kalmar da za ta zama ginshiƙin sunanki, ki gwada ta ba lanƙwasa ki ga ko ma'anarta tana nan.

Na Turancin ba zan daɗe a kansa ba. Ban ƙi Turanci ba, amma ki tambayi kanki su wane ne za su saya. Uwar da ke neman allon sauka, da amaryar da ke son Ayatul Kursiyyu a falonta, da ɗan kasuwar da zai rataya addu'a a shagonsa, da baki suke isar da suna ga juna, a gidan biki ko a bakin masallaci. Sunan da hajiya ba za ta iya faɗa wa maƙwabciyarta daidai ba, maƙwabciyar kuma ba za ta iya rubuta shi a waya ta same ki ba, ya riga ya toshe babbar hanyar da ciniki ke biyowa. Ga kuma sarauniyar da ke cikinsa, wadda na riga na yi magana a kanta.

Sunan da ya fi duka kyau ba ya cikin ukun da kika jera, yana ƙarshen saƙonki. Tasalla suna ne na Hausa tsantsa, gaɓa uku, ba harafi mai lanƙwasa, kowa zai iya faɗa, kuma ko mutumin Maraɗi da ya saba da rubutun Faransanci ya ji shi zai rubuta shi kusan yadda kike rubutawa, abin da ba zai samu ba ga suna mai u ko sh ko c, waɗanda su suke rubutawa da ou da ch da tch. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'a a Katsina, inda ciniki ke ƙetare iyaka ta Jibiya da Kongolam. Sunan ba ya yabon kansa, ba ya ɗaure ki ga unguwa, ba ya ɗaure ki ga allo kaɗai idan gobe kika koma zanen tambarin kamfanoni a kwamfuta ko adon bango. Abin da ya fi muhimmanci, naki ne tun asali, kin saba amsa shi, ba za ki yi jim ba idan aka kira ki da shi a waya. Ya kuma ba ki irin labulen da kike nema: 'yan gida da na kusa za su gane ke ce, baƙo kuwa ba zai bi shi ya kai ga ƙofar mahaifinki ba. Da ni ne, Tasalla zan sa a jikin aiki, shagon kuma in kira shi Tasalla Zayyana.

Ina ƙara ja miki kunne a kan wani abu da na ga ya ci mata da yawa. Kada ki gina sunan sana'a a kan sunan miji, ko a kan Maman wane, ko Ummu wance. Sunaye ne masu daraja a gida, amma suna bin yanayin rayuwa, rayuwa kuwa tana juyawa, kuma a kowace unguwa akwai Maman wane goma. Na ga wadda ta shekara takwas tana gina suna da na mijinta, auren ya ƙare, ta rasa yadda za ta yi da allon shago da dubban mabiyan da suka san ta da shi.

Kafin ki tsaya a kan kowane suna, ki ba shi mako biyu na gwaji. Ki faɗa wa mutum biyar a waya, waɗanda ba 'yan gidanku ba, ki ce su rubuto miki abin da suka ji. Ki neme shi a Facebook da Instagram da TikTok da Google ki ga ko wata mai irin sana'arki ta riga ki, domin idan mai sayar da turare ce a wani gari ba damuwa sosai, amma idan mai zayyana ce, to ki ƙara wata kalma ko ki sake tunani. Ki rubuta shi da boko, ki rubuta shi da ajami, ki ƙanƙanta shi kamar girman ƙwayar gyaɗa ki ga ko yana karantuwa, tunda a wannan girman zai zauna a gefen aikinki. Idan ya tsallake duk wannan, ki kama shi a duk shafukan a rana ɗaya da rubutu iri ɗaya, ko da ba ki shirya amfani da su duka ba.

Yanzu ga ɓangaren doka, wanda shi ne ɗaurin da na ambata da farko. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce duk wanda ke kasuwanci da sunan da ba sunansa na gaskiya ba sai ya yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, cikin kwana 28 da fara kasuwancin. Ba kamfani za ki kafa ba, rajistar sunan kasuwanci ce, wadda ta fi sauƙi da araha, kuma ta intanet ake yin ta. Ana fara neman a keɓe miki sunan, keɓewar tana aiki na tsawon kwana 60, hukumar kuma tana ƙin sunan da ya yi daidai ko ya yi kama da wanda ke cikin rajista har zai iya ruɗar da mutane, saboda haka ki tanadi na biyu da na uku. Kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, sai da izini na musamman. Bayan rajista akwai bayanin shekara-shekara da ake shigarwa kafin ƙarshen watan Yuni, wanda mutane da yawa ke mantawa har tara ta taru a kansu. Ki kuma sani tun yanzu cewa rajista ba ta ɓoye mai ita: wanda ya nemi bayani a hukumar zai iya sanin wace ce, kuma dokar ta ce a takardun kasuwanci a nuna sunan mai shi na gaskiya, ko da harafin farko na sunan ne tare da sunan mahaifi. Labulenki tsakaninki da masu wucewa ne, ba tsakaninki da hukuma ko wanda ya ba ki kuɗinsa ba.

Amfanin rajistar na farko a banki za ki gan shi. Na sha ganin wannan a kan teburina: mutum ya yaba aiki, an yi ciniki, ya ciro waya ya sa lambar asusu, sai wani suna dabam ya fito masa a fuskar wayar. Nan take yatsansa ke tsayawa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba sunan da ke allo ba ne ya fito." A shago kana iya yi masa bayani ido da ido. Amma wadda ke Abuja ko Legas, ba ta taɓa ganinki ba, ta ga Tasalla Zayyana a shafi sannan ta ga wani suna a banki, ba za ta tambaya ba, za ta rufe wayar ne kawai, domin 'yan damfara sun koya wa mutane tsoro. Da satifiket ɗin CAC za ki buɗe asusun kasuwanci da sunan shagon, wanda ke ɗaure da BVN ɗinki ta ciki, sai mai saye ya ga sunan da ya sani, ke kuma sunanki na yanka bai fita ba. Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mutane suna ɗauka cewa rajistar CAC ta ba su mallakar suna gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Mallakar suna ko tambari a matsayin alamar kasuwanci wata rajista ce dabam, a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, tana aiki na tsawon shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. A can ne sunan wuri kawai, ko kalmar da ke bayyana kayan kai tsaye, ke shan wahalar shiga, alhali ƙirƙirarriyar kalma ko sa hannun mai nema suna da hanya. Ba na ce ki yi wannan a shekarar farko ba, kuɗin ya fi amfani a takarda mai kyau da tawada da katakon firam. Amma ki zaɓi sunan da ƙofar za ta buɗe masa ranar da kika buƙata.

Sai haƙƙin mallakar aikin kansa. Ayar ba mallakar wani mutum ba ce, amma tsarin da kika yi mata, da zayyanar da kika ƙirƙira, naki ne daga lokacin da kika sa shi a takarda, ba sai kin yi rajista ba. Sai dai laƙabi yana da tasiri a nan wanda kaɗan ne suka sani. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, aikin zane yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, amma idan da ɓoyayyen suna aka fitar da shi kuma ba a san ko wane ne ba, shekara 70 ɗin daga lokacin da aka fitar da aikin ake ƙirga su. Idan an san mai shi, sai a koma ga lissafin farko. Wannan ya sa nake cewa ki sayi babban littafi mai bango mai tauri, a shafin farko ki rubuta cikakken sunanki da laƙabinki da ranar da kika fara amfani da shi, mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu. Daga nan duk aikin da ya fita ki ba shi lamba, ki rubuta kwanan wata da girmansa da wanda ya saya, ki ajiye hotonsa da zanen gwajin da kika fara yi da fensir. Ranar da wani zai ɗauki hoton aikinki ya buga a kalanda ya ce nasa ne, wannan littafin da waɗannan takardun gwaji su ne za su nuna cewa Tasalla ke ce.

Game da sa hannu a jikin aiki, ki bi ladabin magabata. Marubutan Alƙur'ani da littattafai a ƙasar nan a ƙarshe suke ambaton kansu, bayan an kammala, da ƙananan haruffa, tare da neman gafara ga kansu da iyayensu da malamansu. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma ɗalibin rubutu ba ya sa sunansa a ƙarƙashin aiki sai malaminsa ya ba shi ijaza, wato shaidar izini. Saboda haka kada sunanki ya shiga cikin da'irar ayar ko ya hau samanta. Ki sa shi ƙarami a ƙasa, wajen zayyanar, a gefe ɗaya kullum, da shekara. Lambar waya da sunan shafi kuwa a bayan firam ko bayan allo ya kamata su zauna, a jikin hatimi ko 'yar takarda mai manne, domin mai saye ibada da ado ya rataya a ɗakinsa, ba talla ba.

Za ki ji ana cewa manyan masu zane sun canja suna, kuma gaskiya ne, Hokusai na Japan, wanda ya rasu a 1849, ya yi amfani da sunaye fiye da 30 a rayuwarsa. Amma shi a cikin al'adar da canja suna ke nuna sabon mataki ya rayu, masu buga aikinsa kuma suna sanar da mutane. Ke a kasuwar da mutum ke riƙe suna ɗaya a ka kike. Idan wata larura ta tilasta miki canji nan gaba, ki haɗa tsohon da sabon a allo da shafi na tsawon shekara guda aƙalla, ki kuma gyara rajistar da asusun banki a lokaci ɗaya.

Abu na ƙarshe da za ki yi kafin ki biya kuɗin keɓe suna shi ne ki sami mahaifinki ki gaya masa, ki nuna masa yadda sunan gidansa ba zai fito a shafi ba amma zai kasance a takardun hukuma, domin kada ya ji a bakin wani. Sannan ki je wurin kakarki, tunda ita ta raɗa shi, ki nemi izninta da albarkarta, ki kai mata aikin farko da zai fita da Tasalla a gefensa, wanda zai ɗauki lamba 1 a littafinki.